Muryar Raishatu a cikin tablet

An ɗauki muryar Raishatu an zuba cikin tablet, tablet ɗin kuma ya ce wa uban mijinta ya sauke amawali ya buɗe baki, a tsakiyar kasuwar Tenhya, jama'a na kallo, ita ce kuma riƙe da abin a hannu. Abin da aka yi ke nan. Waɗanda suka tsara shi suna can Yamai a buro, ofis mai sanyi, kuma har yau a wurinsu aiki ya yi kyau.

Ga wanda bai san ta ba, Raishatu ƴar Tanout ce, ɗiyar manomin gero, gajeruwa, mai saurin tafiya kamar kullum aikenta aka yi. Ubanta bai taɓa zama a aji ba, amma ya sa ta lakwal, makarantar boko, don ya ce ya gaji da kai takardar likita gidan maƙwabta ana karanta masa ciwonsa kowa na saurare. Ta kai kolej, ta ci jarrabawar brebe, daga nan uwarta ta kwanta ciwo, karatu ya tsaya. Abin da kowa ya san ta da shi tun tana aji shi ne murya. Ba zaƙi irin na mawaƙa ba. Fita take yi tsaf, kowace kalma a mazauninta, wanda ke can bayan aji yana ji kamar a kunnensa aka faɗa. Hausa tata ce, Faransanci ta samu daidai na aiki, Tamajaq kuma, yaren makiyaya masu rawani, a kasuwa ta tsince shi, wajen matan da ke kawo cuku daga daji.

A kasuwar ne ta haɗu da Sidi, mai sayar da maganin dabbobi, ɗan gidan makiyaya da ya zaɓi zaman gari. Suka so juna, aka ɗaura. Ubansa shi ne Attahir, dogon dattijo mai shanu da ƴan raƙuma, wanda ke yawo da garkensa a arewacin Tenhya. Attahir irin mutanen nan ne da rawani ya zame musu fata. Amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ke rufe hanci da baki, ba ya sauka a gaban mutane. Shayi ma ta ƙarƙashi yake shigar da kofi. A wajensu, dattijo ya bar bakinsa a waje a gaban surukai kamar ya tsaya ba wando ne. Ba ƙari a maganar nan, haka suke ɗaukar abin.

Raishatu ta shiga gidan nan ana jiran ta yi kuskure. Bahaushiya ce, ƴar lakwal kuma, dangin miji suka ce ba za ta san kunya ba. Sai ta riƙe abin fiye da yadda suka zata. Shekara da shekaru ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Attahir ba. Ba ta kama sunansa; akwai wani mai shago a unguwarsu sunansu ɗaya, shi ma sai ta ce mai sunan Baba. In dattijon ya sauka gidansu a Tanout, sai ta ajiye akushi a bakin zaure ta koma ciki, ya ci a sake. In yana da magana da ita, Sidi yake gaya wa, ko da tana bayan zana tana ji. Ita ma ta ba Sidi amsa, shi ya miƙa. Wanda bai sani ba zai ce ba sa shiri, alhali duk cikin matan ƴaƴansa ita ce tasa. Ita ke nemo masa maganin gwiwa. Shi kuma da ta haifi ɗiyarta ta fari, karsana ya ware ya ce ta jaririya ce. Wata rana ya ce wa Sidi, da ƙarfi yadda za a ji ta bayan zana: "Bahaushiyar nan taka ta fi wasu namu sanin ya kamata." Raishatu ba ta da wani yabo a duniya da ya wuce wannan. Shi aka fasa mata a Tenhya.

Aiki kuwa ta same shi ne a wani proje, shiri mai taimakon makiyaya: rigakafin dabbobi, da dusa da angurya in bazara ta yi tsanani. Nata shi ne rubuta mutane, don a san wa ya karɓa, wa bai karɓa ba. Da farko kati ne na takarda. Ruwa ya jiƙa wani, akuya ta cinye wani, wani mutum kuma ka same shi da kati biyu, ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan kakansa da ya daɗe a ƙasa. Sai masana suka zo daga Yamai suka ce takarda ta tsufa, a koma salula, kowane suna a tura shi ta mesaj. Raishatu ta sha hawa tudun rairayi tana ɗaga waya sama tana neman rezo, wato sabis. Aka jima suka dawo suka ce mesaj ya tsufa, yanzu yatsa za a riƙa dangwalawa a kan wani ɗan gilashi. To mutumin da ya tashi yana jan igiyar guga, wane zane ya rage a yatsansa? Na'ura ta ƙi rabin mutane. Raishatu da abokiyar aikinta Kulu sun shafa wa yatsun tsofaffi man shanu, sun hura, sun goge da gefen zane, duk a banza.

Cikin duk wannan ba ta taɓa ƙorafi ba. Tana son aikin. Duk sabon abin da aka kawo ita ke riga kowa ganewa, har Kulu na ce mata matar tablet.

Sai aka kira su Damagaram formasiyon, wato horo. Wanda ya zo koya musu injiniya ne, Falalu, mai fara'a, mai gilashin ido, shi ya jagoranci tsara sabuwar manhajar. A faɗi gaskiya, Falalu ba mugu ba ne. Ya zana akwatuna da kibiyoyi a allo, yana bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane akwati da dalilinsa.

"Yatsa ya ba ku wahala, mun ji," in ji shi. "To mun bar yatsa. Yanzu fuska. Fuska ba ta gogewa a bakin rijiya."

Aka yi dariya.

"Amma wani zai iya kawo hoton mamaci ya nuna wa tablet. Saboda haka tablet zai ce wa mutum ya ƙyafta ido, ya buɗe baki, don ya tabbata rayayye ne a gabansa."

"Na gidanmu kam ba sai an ce ya buɗe baki ba," in ji Kulu. "Rufewar ce aiki."

Da dariya ta lafa, Falalu ya ci gaba. Kowane tablet za a ɗaure shi da fuskar mai aiki da shi, ba mai iya karɓa ya yi a madadinsa, don kada a yi maguɗi. Kowane ma'aikaci za a tura shi yankin da yake da dangi, don shi ya san mutane, ba za a yi masa ƙarya ba. Maɓallin tsallakewa da ke cikin tsohuwar manhaja an cire shi, saboda an gano wasu na danna shi don su tashi da wuri. Kuma tunda yawancin makiyaya ba sa karatu, tablet da kansa zai yi magana, da Hausa da Tamajaq, ba kuma a iya rage masa sauti, don kowa ya ji abin da ake yi da shi.

Wani tsohon ma'aikaci daga Belbeji ya ɗaga hannu, ya kira Falalu da Mushe, wato malam da Faransanci. "Mushe, masu rawani fa?"

"Ba sa yin katin ɗan ƙasa?" in ji Falalu. "A can ai suna saukewa."

Gaskiya ne, suna saukewa. A ɗaki, ƙofa a rufe, a gaban baƙon namiji da ba za su sake gani ba. Wannan ɓangaren ba wanda ya faɗa. Mai tambayar ya ce to, ya sauke hannu. Raishatu, da ta fi kowa a ɗakin sanin amawali, hankalinta na wani wuri, don Falalu ya riga ya ce ana neman mai murya da ta iya harsunan biyu, Kulu kuma sai zungurinta take da gwiwar hannu.

Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifu, aka sa mata abu a kunne, aka ba ta jimloli ta karanta. Dubi nan. Matso kaɗan. Cire abin da ya rufe fuskarka. Ƙyafta ido. Buɗe bakinka. Bai yi ba, sake. Ta karanta da Hausa, ta juya su Tamajaq da kanta, har da gyara musu: ta ce ba a cewa abin da ya rufe fuska, amawali ake cewa, kowa zai gane. Falalu ya ce duk waɗanda suka gwada ba mai fita kamar ita. Ta koma Tanout tana jin kanta kamar ƴar rediyo. Ta gaya wa Sidi, ya ce: "Wato yanzu ko kin yi shiru sai na ji ki." Suka yi dariya su biyu. Ba wanda ya tuna da dattijo. Ita a ranta da bango mai katifa ta yi magana.

Bazarar bara ta zo da wuya. Ciyawa ta ƙare da wuri, shanu suka fara kwanciya, ba sa tashi sai an ɗaga su da itace. Proje ya ce dusa ta iso, amma ba mai samun buhu sai wanda tablet ya karɓi fuskarsa. Aka tura Raishatu Tenhya, tunda can dangin mijinta suke. Kulu aka ba ta wasu zanguna daban, amma rumfa ɗaya suka zauna ranar kasuwa, kowa da layinta.

Mutum na farko a layi, da tablet ya ce masa ya sauke amawali, sai ya dubi abin, ya dubi Raishatu. Murya ɗaya ce, ba mai shakka. Ya juya wa jama'a baya, ya sauke, ya yi abin da aka ce, ya mayar da sauri, ya tafi ba sallama. Ta sa aka nemo tabarma aka kare, amma a inuwar tabarma tablet ya ce haske bai isa ba, da muryarta kuma ya faɗa. Dole a fito fili. Masu shayi a gefe suka fara kwaikwayo.

Rana ta take sai ta hango shi. Ba sai ta ga fuska ba, tsayin da tafiyar mai ciwon gwiwa sun isa. Attahir na cikin layinta, sanda a hannu, yana matsowa.

"Kulu," ta ce ƙasa ƙasa, "Baba ne. Don Allah karɓe shi."

Kulu ta nemi sunan a nata tablet. Babu. Zangonsa na cikin na Raishatu. Suka musanya, na Raishatu ya ga fuskar Kulu ya kulle kansa. Raishatu ta dube shi ya buɗe, ta miƙa wa direbansu, ya sake kullewa. Ta kira shef, shugabansu, a Tanout, rezo ya ɗauke a tsakiyar gaisuwa. Ta gwada toshe wurin sautin da babban yatsa, murya ta ɓullo ta wani gefe. Duk ƙofar da ta nufa, wani mai ilimi ya riga ya zauna ya rufe ta da kyakkyawan dalili.

Tana iya ajiye abin ta tashi, ta kuma yi tunanin haka. Amma Sidi ya gaya mata yadda shanun Baba suka kwanta, har da ta ɗiyarta, mota kuma ba za ta dawo Tenhya ba sai an gama rabo.

Attahir ya iso. Ya ga wadda ke zaune. Ya tsaya jim, ya ja amawalinsa sama har ƙasan ido, yadda yake yi kullum in tana kusa. Bai yi mata magana ba, don ba sa yi. Kulu ya fuskanta.

"Ɗiyata, ki ce wa mai aikin nan ta yi aikinta. Shanu ba su san surukuta ba."

Raishatu ta miƙe, don dogo ne. Ta ɗaga tablet da hannu biyu, ta kau da kai gefe, ta danne leɓɓanta. Sai muryarta ta fito, tsaf, da Tamajaq, yadda na can bayan rumfa zai ji:

"Dubi nan. Sauke amawali."

Ba ta gani ba, amma ta ji motsin yadi. Ta ji gefen nan na kasuwa ya yi shiru.

"Ƙyafta ido. Buɗe bakinka."

Aka jira.

"Bai yi ba. Sake."

Da yake ta kau da kai, tablet ya karkace yana kallon kafaɗarsa. Kulu ta raɗa mata: "Sai kin duba, Raisha. Ba ya kan fuskar." Ta gyara a makance. Bai yi ba, sake. Ta ƙara gyarawa. Bai yi ba, sake. Dattijo na tsaye a rana, fuska a waje, baki a buɗe, ƴaƴan ƙannensa na layi a bayansa, masu raƙuma sun tsaya daga nesa suna kallo. Duk jinkirin da ta yi tsayuwa take ƙara masa. Sai ta duba.

A gilashin tablet ta gan shi. Farin gemu, kumatu sun faɗa, fatar ƙasan fuska ta fi ta sama haske don ba ta san rana ba, haƙoran gaba babu. Idonsa na can sama, ba ya kallon kowa. Tsoho ne kawai, ɗan ƙarami a cikin koren akwati, ya buɗe baki kamar mai jiran a ɗura masa magani.

"An karɓa. Na gode," in ji muryarta, da fara'ar nan da ta yi a ɗakin katifu.

Attahir ya mayar da amawali a hankali, ya ja, ya soke. Ya ɗauki sandarsa. Wani cikin masu shayi ya fara dariya, na kusa da shi ya buge masa ƙeya. Raishatu ta zauna. Layi bai ƙare ba, na bayansa ƙanensa ne. Ta yi shi. Ta yi duk wanda ya rage har la'asar, kuma Kulu ta ce ba ta ji ta furta kalma ɗaya da bakinta ba.

Dusa ta kai zango, shanu da yawa sun tashi. Ba wanda ya yi wa Raishatu faɗa, kuma da an yi da ya fi mata sauƙi.

"Ba laifinki ba ne," in ji Sidi. "Shi ma ya sani."

"Na ga bakinsa," ta ce. "Kai yaushe rabonka?"

Tun Sidi yana ƙarami rabonsa da ganin bakin ubansa.

"Kuma ni na ce musu su sa amawali a jimlar. Ni. Ba su ma san kalmar ba."

Tun daga ranar Attahir bai sake sauka gidansu ba. Yana zuwa Tanout, amma gidan wani dillali yake kwana kusa da kasuwar dabbobi, Sidi ya je can ya gaishe shi, ya kai masa jikarsa. Ba fushi yake ba. Da fushi ne da an tura manya sun ba shi haƙuri. Mutum ne da ba ya iya zama a zauren matar da ta ga dasashinsa, ita kuma ko an ce yana gari sai ta kasa cin abinci. Maganin gwiwa har yanzu tana saye, sai dai ta ce wa Sidi kada ya faɗi daga ina ya fito.

A dangin miji kuwa waɗanda suka daɗe suna jiran kuskurenta sun samu. A wani suna, ta tashi gyara ɗaurin zane, sai wata daga baya ta siranta murya ta ce: "Bai yi ba, sake." Mata suka fashe. Raishatu ta ɗauki takalmanta ta fita ba ta ci shinkafar ba. A kasuwar Belbeji ta tambayi mai albasa, mutumin ya ɗago kai ya ce: "Hajiya, ke ce ta cikin tablet?" Yanzu in ta je cefane nuni take da hannu.

Ta kira Falalu. Ba ta yi masa dogon bayani ba, ba za ta iya ba. Ta faɗi abin da ya faru a taƙaice, ta ce: "Mushe, a cire muryata."

Falalu ya amsa mata:

"Madam, wallahi ban yi tunanin haka ba. Mun gwada shi a buro da kowa, har masu gadi. Innalillahi." Sai ya ƙara da cewa: "Muryar tana cikin tablet ɗin jihohi da yawa yanzu. Canza ta sai an fitar da sabuwar manhaja, ita kuma sai masu ba da tallafi sun sa hannu. Kin ga kuma a wajensu wannan ce ta fi duk na baya, maguɗi ya kusa ƙarewa. Ki turo mini a rubuce, zan shigar."

Ta tura, ya shigar. Suna da wurin da suke jera matsaloli, na gaggawa a sama, sauran a ƙasa. Na gaggawa shi ne in tablet ya ƙi tashi, ko sunaye sun ɓace. Na Raishatu ba abin da ya lalace: fuska ta shiga, buhu ya fita. Aka sa shi a ƙasa, wajen shawarwari.

Da damina ta kama ta mayar da tablet, ta ce ta bar aiki. Shef ya ce asara ce, ba su da kamarta. Yanzu tana shagon Sidi tana jera kwalaben magani, matar da ta iya abin da rabin ƴan buro ba su iya ba. Amma barin aikin bai ƙare komai ba, tunda ita ta zauna, muryar ba ta zauna ba. Tana can a Tenhya, tana Belbeji, tana wuraren da Raishatu ba ta taɓa takawa ba, tana ce wa iyayen mutane su buɗe baki. An kuma ce rabon bana da ita za a yi.

To ku da kuka zana akwatunan nan, Falalu da waɗanda ke sama da shi da waɗanda ke sa hannu, ga magana. Ba wanda ya ce ku koma katin da akuya ke ci. Kun hana ɓarawo, an gode. Amma kun zauna kun yi tunanin ɓarawo ta kowace fuska, ba ku yi tunanin mutumin kirki ko sau ɗaya ba. Kun san za ku tura mace wajen dangin mijinta, ku kuka tsara haka, sannan kuka kulle abin a hannunta, kuka cire mata hanyar fita, kuka ɗaga sauti. Ku cire muryar Raishatu daga tablet ɗinku kafin buhun farko na bana ya sauka daga mota. Ba bayan sa hannu ba, ba sai sabuwar shekara ba. Ku buɗe hanyar da ma'aikaciya za ta miƙa wa namiji in surukinta ya zo, ku samar da wuri mai haske da kariya inda dattijo zai sauke amawali ba a idon kasuwa ba. In kuma gobe fuska ta tsufa kun ƙirƙiro wani abu, kada ku gwada shi a kan masu gadinku. Ku kawo shi Tenhya ranar kasuwa, ku tsaya a rana ku gani da idonku kafin ku ce ya yi. Sannan akwai wanda ba na manhaja ba: ku shigo mota ku je zangon Attahir, ku durƙusa, ku gaya masa a gaban ƙannensa cewa ku kuka tsara abin da aka yi masa, ba surukarsa ba. Ku je da kanku, kada ku aiko.